Daga tuƙin gida zuwa tuƙin tirela a Saudiyya: ta ina zan fara?

Direban Gida, Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena da ke wannan zaure, musamman waɗanda suka daɗe a harkar manyan motoci a ƙasar nan. Shekarata 27, kuma yau shekara uku da wata huɗu ke nan ina aikin direban gida a Jidda, inda nake kai yara makaranta da safe, in ɗauko su bayan azahar, in kai uwar gida kasuwa ko asibiti, sannan in koma ɗakina na bakin ƙofa in zauna jiran kira. Ba ni da ƙorafi a kan mutanen gidan, domin albashina bai taɓa wuce ranarsa ba, kuma ba a taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai abin da aka ɗauke ni a kansa ranar farko shi ake ba ni har yau, ga shi an sa mini ranar aure a gida, ƙannena biyu kuma karatunsu yana wuyana.

Akwai wani abokina da muka taso unguwa ɗaya, wanda yake jan tirelar kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Jidda zuwa Riyad, kuma ya gaya mini cewa kuɗin tafiye-tafiyen da yake samu a wata, ban da albashi, sun kusa kamo albashina gaba ɗaya. Tun daga ranar, duk lokacin da na ratsa kusa da tashar na ga tireloli a jere, sai zuciyata ta riƙa yi mini lissafi. Lasisin da ke hannuna na ƙaramar mota ne, iƙamata kuma, wato katin izinin zama, sa'iƙ has aka rubuta a kanta, ma'ana direban gida. Abokin nawa ya ce in riƙa bin sa a daren da ba ni da aiki, idan mun fita bayan gari ya ba ni sitiyari in saba. Wani dalali kuma ya ce idan na tara masa kuɗi zai samo mini abin da ya kira biza hurra, wadda zan yi aiki da ita duk inda na ga dama.

Abin da nake roƙo shi ne a gaya mini gaskiyar matakin da ya kamata in fara takawa, da irin lasisin da ake buƙata, da kuma ko mutumin da ya saba da ƙaramar mota a cikin gari zai iya riƙe babbar mota ba tare da ya yi shekaru yana yaron mota ba, kamar yadda ake yi a gida. Allah ya saka da alheri.

Ma'aikacin Ofishin Sufuri, Dammam

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ni ba direba ba ne, ban taɓa juya tirela ko a fili ba, amma shekara tara ke nan takardun direbobi suna bi ta kan teburina a wani kamfanin jigilar kaya, saboda haka zan tsaya ga abin da na sani, in bar wa masu sitiyari fagensu.

Kafin a kai ga maganar lasisi, akwai kalmar da aka rubuta a gurbin sana'a a iƙamarka, kuma ita ce za ta fara tare maka hanya. A tsarin ƙasar nan, direban gida cikin ma'aikatan gida ake lissafa shi, tare da mai girki da mai aikace-aikacen ɗaki, kuma harkarsa ta Musaned take bi, wato shafin gwamnati na ma'aikatan gida, alhali direban kamfani yana ƙarƙashin dokar ƙwadago, kwantiraginsa kuma a Qiwa, shafin gwamnati na ma'aikatan kamfanoni, ake tabbatar da shi. Sauye-sauyen da suka fara aiki a watan Maris na 2021, waɗanda suka ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai kafil, wato wanda iƙamar mutum ke ƙarƙashin sunansa, ya yarda ba, ba su haɗa da ma'aikatan gida ba, kuma da yawa daga cikin samarinmu a nan suke yin kuskure, domin sun ji labarin a bakin abokansu na kamfani sai suka ɗauka ya shafe su. Hanyoyin da ke gabanka biyu ne. Ko dai ka samu kamfanin da zai nemi a mayar da kai hannunsa, maigidanka ya amince, hukuma ta amince, a sauya sana'ar zuwa direban babbar mota, ko kuma ka kammala kwantiraginka lafiya, ka fita da izinin fita na ƙarshe, ka dawo da sabuwar biza wadda tun asali sunan sana'ar ke kanta. Ta biyun ta fi ɗaukar lokaci, amma ita na fi ganin tana ƙarewa ba rigima, kuma tunda akwai aure a gabanka, tafiya gida ta riga ta zama dole.

Maganar biza hurra ka cire ta daga ranka, domin babu biza mai wannan suna a doka. Abin da ake sayarwa shi ne sunan wani kafil da ba zai ba ka aiki ba, zai dai riƙa karɓar kuɗi a hannunka duk lokacin sabunta iƙama, kai kuma duk aikin da ka yi wa wani a waje laifi ne a wuyanka, kuma ranar da kuka saɓa yana iya shigar da rahoton cewa ka gudu. Haka nan tayin abokinka, duk da na san don ƙauna ya yi shi. Idan wani abu ya faru kana kan sitiyarin motar kamfanin da ba ka yi wa aiki, da lasisin da bai kai ajin motar ba, inshora za ta nemi ta juyo da asarar kanku, abokin naka zai rasa aikinsa, kai kuma hanyar Shumaisi ce, inda ake tsare waɗanda za a yi wa tarhil, wato kora daga ƙasa. Ko hatsari bai auku ba, shingen bincike guda ɗaya ya isa.

Shi lasisin kansa ba shi da wuyar fahimta. Na ƙaramar mota ana ba da shi daga shekara 18, na sufuri kuma daga shekara 20, saboda haka shekarunka sun isa. Akwai naƙal hafif na ƙananan motocin kaya, akwai naƙal saƙil wanda shi ne na tirela da manyan motoci, kuma injunan gini irin su katafila lasisinsu daban ne. Za ka yi gwajin lafiya, musamman na ido, ka yi rajista a makarantar tuƙi ta hanyar Absher, manhajar gwamnati, ka yi darasi, sannan ka yi jarrabawar alamomi da ta tuƙi. Bayan lasisin murur, wato 'yan sandan kula da hanya, akwai katin direba na Hukumar Sufuri, wanda kamfani ke nema maka, ita ma motar tana da nata katin izinin aiki, kayan da ka ɗauko kuma suna da takardar jigila da ake fitarwa ta intanet. Duk kamfanin da ya miƙa maka makulli babu waɗannan, ka san kai za a tsayar a hanya, ba mai ofis ba.

Sai kwantiragi, wanda na fi so ka karanta da idon basira. Abokinka ya gaya maka kuɗin tafiya, wato abin da direbobi ke kira tirib, amma bai gaya maka albashin tushe ba, kuma wasu kamfanoni da gangan suke ƙanƙanta tushen su kumbura tirib, saboda watan da aiki ya yi ƙasa, ko motarka ta kwana goma a gareji, tushen kaɗai za ka gani. Doka ta ce ladan ƙarshen aiki rabin albashin wata ne a kan kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka, hutun shekara kuma kwana 21 ne, ya koma 30 idan ka cika shekara biyar. Kuɗin biza da iƙama da izinin aiki da sauya sana'a duk a kan mai ba da aiki suke, kuma ba shi da hurumin riƙe maka fasfo. Ka tambaya tun kafin ka sa hannu wa ke biyan tarar hanya, domin tarar gudu taka ce babu musu, amma tarar lodi fiye da ƙima ko ta lalacewar takardun mota bai kamata a zare ta daga albashinka ba.

Tsohon Direba, hanyar Jidda zuwa Riyad

Assalamu alaikum. Malamin ofis ya gama maganar takardu, ban da abin ƙarawa, sai dai in ce duk abin da ya faɗa na ga wanda ya faɗa cikinsa da idona. Ɗana, ni shekara 22 nake kan wannan hanya, kuma tambayarka ta ƙarshe ita zan amsa.

Tuƙin da ka iya zai amfane ka a wuri ɗaya, wato haƙuri da cunkoso da sanin halin masu tuƙin ƙasar nan, amma zai cutar da kai a wurare da yawa, saboda ƙafarka ta saba da motar da ke tsayawa inda ka ce ta tsaya. Motar da ke ɗauke da tan 40 tana tsayawa ne inda nauyinta ya ƙare, kuma birkinta na iska ne, wanda tsakanin taka shi da kamawarsa akwai ɗan jinkiri da sai jiki ya saba da shi. Shi ya sa da asuba ba na motsa mota sai allurar iska ta cika, sannan in kashe inji in kasa kunne ko akwai inda iska ke tsiyaya, in ja zoben da ke ƙarƙashin tankunan iska in ga ko ruwa ya taru, domin danshin Jidda yana tara ruwa a cikinsu fiye da yadda ake zato. Daga nan sai in zagaya tayoyi ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfena ina ƙwanƙwasawa, tayar da ta cika amonta daban da wadda ta saki, kuma ta ciki a cikin tagwayen taya ita ce mai yaudara, domin ta waje tana ɗauke mata nauyi har sai zafin rana ya fasa su duka biyun. Wannan zagaye bai wuce minti 20 ba, kuma ranar da na ji ƙyuyar yin sa na san ranar ce ya kamata in fi yin sa.

Zan ba ka labarin kunyar da na sha a shekarata ta biyu, a filin wani kamfani da na fara yi wa aiki. Na ja kan mota da baya na shiga ƙarƙashin tirela, na ji ƙarar da na ɗauka ta kamawar makulli ce, na sauko na haɗa igiyoyin iska, ja da rawaya, na haɗa wayar wuta, na ɗage ƙafafun tirelar, na hau na ba da wuta. Ban leƙa ƙarƙashi da tocila na ga ko haƙoran farantin da ke bayan kan motar sun rufe a kan ƙusar tirelar ba, ban kuma ɗan fizgi motar gaba alhali birkin tirelar yana ɗaure don in gwada ba. Ban yi tafiyar taku goma ba sai na ji ƙasa ta girgiza, tirela ta zame ta faɗi da hanci da kwantenar tayil a kanta, igiyoyin suka tsinke suna feshin iska. Allah ya taƙaita babu kowa a kusa, amma sai da aka kawo kirén, kuma wata uku ana yankar albashina. Da a kan titi abin ya faru, da ba ni nake rubuta maka wannan ba. Tun ranar ban sake haɗa tirela ban durƙusa na leƙa ba, ko ruwa ake yi ko yara na kallo suna dariya.

Gangara ita ce ta biyu. Manyan motoci ba sa bin hawan Hada zuwa Ɗa'ifa, ta hanyar Sail ake bi, amma ita ma idan kana dawowa da lodi tana da doguwar gangara, kuma waɗanda ke zuwa kudu wajen Abha da Jizan sun san abin da ya fi wannan. Sabon direba yakan ɗora ƙafa a birki tun daga sama, birkin ya yi zafi, ya fara wari, kafin a kai ƙasa ya taka ya ji babu komai. Ana zaɓar ƙaramar giya ne tun kafin kan mota ya sunkuya, a bar inji da ritada, wato na'urar da ke rage gudu ba da birkin ƙafa ba, su riƙe nauyin, birkin ƙafa kuma a riƙa taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci ana saki don ya huce. Motocin yanzu, irin su Actros da Volvo, yawancinsu da kansu suke sauya giya, kuma wannan ya sa samari suna ganin aikin ya zama wasa, alhali kwamfutar motar ba ta hango kwanar da ke gaba.

Na uku shi ne barci, kuma a nan zan yi maka lissafin da abokinka bai yi maka ba. Daga Jidda zuwa Riyad wajen kilomita 950 ne, iyakar gudun babbar mota a manyan hanyoyi kuma kilomita 80 ne a awa, ga kyamarorin Sahir a hanya, ga na'urar da ke nuna wa ofis inda kake da gudun da kake yi. Ko da ba ka tsaya shan ruwa ba, tafiyar ta kusa awa 12. Ƙa'idar Hukumar Sufuri kuwa awa 9 ce ta tuƙi a yini, tare da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, wanda ke nufin tafiyar ta kwana biyu ce ga direba ɗaya. Ka ƙara da cewa Riyad da Jidda duka suna da lokutan da aka hana manyan motoci shiga gari, ta yadda za ka iso bakin gari ka yi awanni a gefen titi kana jiran a buɗe. Wanda yake son ya ninka tirib ɗinsa daga barcinsa yake yankowa, kuma daga Muwaih zuwa Zalim zuwa Ƙuwai'iyya hanya ce miƙaƙƙiya wadda babu abin da ke motsi a cikinta sai layin titi, har ido ya buɗe amma mutum ya yi nisa. A nan ne wani zai miƙo maka ƙwayar kaftagon a istiraha, wato wurin hutawa na gefen hanya, ya ce maganin hana barci ce. Ban da hukuncinta mai tsanani a ƙasar nan, na ga abin da ta mayar da mutanen da muka ci abinci a tire ɗaya da su. Ni idan na ga na wuce wata alama ban tuna lokacin da na wuce ta ba, gidan mai na gaba nake shiga in kwanta, ko da mai kaya zai kira sau ashirin.

Shawarata ita ce, idan takardunka suka daidaita, ka nemi kamfanin da ke da ƙanana da manyan motoci, ka karɓi dina, wato motar kayan da ba ta kai tirela ba, ka yi shekara guda kana rarraba kaya a cikin gari, ka koyi ɗaure lodi da karanta madubi da sanin tsayin motarka kafin ka shiga ƙarƙashin gada, sannan ka nemi a matsar da kai.

Ɗan Gadarif, mazaunin Yanbu

Gaisuwa ga Baba Tsohon Direba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Duk abin da ka faɗa a kan birki da barci haka yake, amma ina neman izini in ɗan saɓa maka a kan shekarar dina.

Ni Bahaushen Sudan ne, haifaffen Gadarif, kuma ina da shekara 16 na fara bin mota a matsayin musa'id, wato yaron mota, a kan tsohuwar Bedford ɗin da mutanenmu ke kira sifinja, muna ɗaukar riɗi da dawa zuwa Bur Sudan. Shekara huɗu na yi ina ɗaura tamfol, ina sa waigi a bayan taya duk inda muka tsaya a tudu, ina dafa wa direba asida da shayi a gefen hanya, kafin ya yarda in matsar da motar daga inuwa zuwa inuwa. A gangaren Aƙaba, tsakanin Sinkat da Sawakin, na fara sanin abin da Baba yake nufi da warin birki. Abin da nake so ɗan'uwanmu ya fahimta shi ne wannan makaranta babu ita a Saudiyya. A nan babu yaron mota, kai ne direba, kai ne mai ɗaure kaya, kai ne mai magana da ma'aikacin mizani, kuma idan taya ta fashe da tsakar rana a watan Yuli kai kaɗai ne a wurin har motar gyara ta iso. Abin da muka koya a shekara huɗu muna kallo, shi sai ya nemo shi da gangan cikin 'yan watanni.

Dina za ta koya masa gari, amma gari ya riga ya sani. Abin da bai sani ba shi ne mota mai gaɓa a tsakiya, wadda idan kana baya da ita ka juya sitiyari dama gindinta ya tafi hagu, kuma idan ka sha kwana tayoyin baya su yanke hanya su hau inda kan motar bai taka ba. Wannan ko shekara goma ya yi a dina ba zai same shi ba, kuma na ga waɗanda suka shiga dina da niyyar shekara ɗaya suka tsufa a cikinta, saboda kamfani ba ya son ya rasa mai rarraba kayan da ya san lunguna. A ganina, ya nemi lasisin naƙal saƙil kai tsaye, sannan ya zaɓi kamfanin da ke haɗa sabon direba da tsoho na wata biyu ko uku, ko wanda zai fara sa shi aikin gajeren zango tsakanin tashar ruwa da ɗakunan ajiya, inda zai yi baya sau goma a yini. Tirib ɗin wannan aiki kaɗan ne, amma a nan hannu ke faɗawa. Ya guji tanka da wayit, wato tankar ruwa, a farko, domin ruwa yana tafiya a cikin tanki, idan ka taka birki sai ya dawo ya tura ka, musamman idan tankin bai cika ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, tunda ya ambaci aure. Direban gida yana kwana a gado ɗaya kullum, yana sallar jam'i a masallacin unguwa, yana cin abincin gida. Direban doguwar hanya a bayan kujera yake kwana, abincinsa kabsa da shayi mai sukari a istiraha, kuma yawancinmu muna rage shan ruwa don kada mu riƙa tsayawa, wanda shi ya kai ni gadon asibiti da tsakuwar ƙoda shekara uku da suka wuce. Tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasarmu a watan Afrilun 2023, wannan sitiyari shi ke riƙe da gidaje uku a danginmu, don haka ba zan kushe sana'ar ba, amma ya shigo yana sane da cewa ƙarin kuɗin daga bayansa da idonsa ake cire shi.

Direban Gida, Jidda

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira abokina na ba shi haƙuri a kan maganar bin sa da dare, dalalin kuma na daina ɗaga wayarsa. Saura wata takwas kwantiragina ya cika, kuma na yanke shawarar in zauna da maigidana tun yanzu in gaya masa niyyata, don ya samu lokacin neman wanda zai maye gurbina, mu rabu da mutunci.

Wata magana ce ta taso da nake so a duba mini. Kawuna da ke Makka, da na ba shi labari, ya ce maimakon in je in yi wa kamfani bauta, gara mu haɗa kuɗi ni da shi mu sayi tsohuwar dina, a rubuta ta da sunan wani ɗan ƙasa da ya daɗe da sani, mu riƙa ba shi wani abu duk wata, ni kuma in riƙa ɗaukar kayan masu ƙaura da na 'yan kasuwa. Ya ce mutane da yawa haka suke yi. Ina jin nauyin in musa masa, domin shi ya yi mini hanyar zuwa ƙasar nan.

Ma'aikacin Ofishin Sufuri, Dammam

Ƙanena, abin da kawu ya kawo shi ake kira tasattur, wato baƙo ya gudanar da kasuwanci don kansa a ƙarƙashin sunan ɗan ƙasa, kuma dokar da ta hana shi ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5 da tarar da za ta iya kaiwa riyal miliyan 5, tare da ƙwace abin da aka samu, sannan a fitar da baƙon daga ƙasa. Gaskiya ne mutane sun daɗe suna yi, amma a da kuɗi hannu da hannu ake karɓa, yanzu kuwa kusan komai ta banki da waya yake bi, kuma direban da albashinsa sananne ne idan aka ga kuɗin jigila suna shiga asusunsa kullum, tambaya za ta biyo baya.

Ko an ajiye maganar hukuma, ka duba lamarin ta fuskar dukiyarku. Sunan da ke kan istimara, wato takardar rajistar mota, shi ne mai mota. Idan mutumin ya ci bashi aka riƙe kadarorinsa, motarku na ciki, idan ya rasu ta shiga gadon 'ya'yansa, idan kuma ya wayi gari ya ce tasa ce, babu kotun da za ku je ba tare da kun fara tona wa kanku asiri ba. Ba sai ka musa wa kawu kai tsaye ba. Ka kai masa maganar a matsayin tsoron kada kuɗinsa na shekaru su salwanta a hannun wani, ka kuma nuna masa cewa idan ka samu lasisin babbar mota da shekarun aiki a kamfani mai rajista, motar da za ku saya da sunanku a gida tana nan tana jira.

Tsohon Direba, hanyar Jidda zuwa Riyad

Ɗan Gadarif ya fi ni gaskiya a kan maganar baya da tirela, na karɓa, sai dai kamfanonin da ke haɗa sabo da tsoho ba su da yawa, don haka ya tambayi direbobin kamfanin da kansu a bakin ƙofa kafin ya yarda da abin da aka gaya masa a ofis.

Ɗana, tunda a Jidda kake, ka turo mini saƙo ta akwatin sirri. Ranar Juma'ar da ba ni da lodi motata tana kwana a filin da ke kudancin gari, kuma mai gadin ya san ni. Ba zan ba ka makulli ba, ba za ka hau kujerata ba, amma za ka tsaya a gefe ka ga yadda ake zagaya mota da yadda ake haɗa tirela a kwance ta, ka durƙusa ka leƙa farantin da idonka, ka ji bambancin amon taya. Ka zo bayan sallar asuba kafin ƙarfe ya yi zafi, ka nemi izinin maigidanka tun daren Alhamis, kuma ka sa rufaffen takalmi, kada ka zo mini da silifa.